Yadda Ake Kafa Rukunin Motsa Jiki na Dattawa a Unguwannin Tawa

Duk wanda ya lizimci sallar asuba a masallacin unguwarsu a Tawa ya san yadda kujerun ƙarshen sahu suke ƙaruwa shekara bayan shekara. Dattijon da bara yake kai goshinsa ƙasa ba tare da taimakon kowa ba, bana sai ka tarar an ajiye masa kujera, kuma idan ka tambaye shi zai ce maka gwiwa ce ta ƙi. A cikin gida ma haka abin yake, domin tsohuwar da ta yi rayuwarta tana daka tana jan guga takan kai lokacin da ba ta iya tashi daga tabarma sai ta kira jika ya kama mata hannu. Mun saba ɗora wannan duka a kan tsufa, alhali kaso mai yawa daga cikinsa zama ne ya kawo shi. Tsokar jiki tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma bayan mutum ya haura talatin, raguwar tana ƙara sauri bayan sittin, amma tsokar ɗan saba'in ma tana ƙara ƙarfi idan aka sa ta aiki a kai a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta fitar da shawarwarinta a shekarar 2020, inda ta ce wanda ya kai shekara 65 yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da kuma aikin da ya haɗa ƙarfi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku domin kauce wa faɗuwa. Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ce, domin hukumar ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 684,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa a cikinsu. Sai dai gaya wa dattijo ya riƙa motsa jiki shi kaɗai a ɗakinsa magana ce da ba ta wuce kwana uku. Abin da yake fito da shi daga gida shi ne sanin cewa tsaransa suna can suna jiransa, kuma idan bai zo ba za a aiko a ji ko lafiya. A ƙasar Adar, inda samari suke tafiya cin rani Abijan ko Libiya ko Najeriya su bar iyaye da jikoki, wannan jiran yana da daraja daidai da ta motsin kansa.

Mataki na farko: a je inda suke taruwa tun asali

Kada a fara da sanarwa a rediyo ko da takarda a jikin bango. A nemi taron da yake da rai tun kafin a zo da wannan magana, kamar fadar dattawa da ke zama ƙarƙashin bedi bayan la'asar, ko matan da suke adashe tare, ko ɗaliban karatun dare na manya, ko tsofaffin ma'aikatan da suke haɗuwa wajen karɓar fansho. Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa a soma da su, kuma bai kamata a haura goma sha biyar ba idan jagora ɗaya ne, domin idonsa ba zai kai kan kowa ba. A ware rukunin maza da na mata tun daga farko, a kuma samar wa mata jagora mace da gida mai katanga, tun da babu Hajiyar da za ta ɗaga ƙafa a filin da masu kabu-kabu suke wucewa suna waige.

Kafin a tara kowa, a kai gaisuwa wurin mai unguwa da limami, a bayyana musu abin da ake nufi. Kalma ɗaya daga bakin limami bayan sallah ta fi yawon gida-gida na mako guda.

Yadda za a gabatar da maganar shi ne inda akasari ake yin kuskure. Idan matashi ya tsaya gaban dattijo ya ce masa an buɗe wurin wasanni, amsar da zai samu sananniya ce: “Yaro, ni da na yi noma shekara hamsin, yau kai za ka koya mini tsalle-tsalle?” Kuma gaskiyarsa ce. Abin da ya dace shi ne a durƙusa a gaida shi, sannan a ce: “Baba, ba tsalle ba ne. So muke ku ci gaba da sujada da kanku, ku hau amalanke ko mota ba tare da an ɗaga ku ba.” Ga wanda yake da niyyar aikin Hajji ko Umra, a tuna masa cewa safa da marwa kaɗai tafiya ce ta kusan kilomita uku, ban da ɗawafi. Ga tsohuwa kuma, babu abin da ya kai mata muhimmanci irin ta shiga bayan gida ta tsuguna ta tashi ba tare da surukarta ta san halin da take ciki ba. Wannan batu ne na mutunci, kuma da shi ya kamata a buɗe zance.

Jagora ba lallai ne ya zama likita ba. Malamin wasanni na makarantar sakandare, ko ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ko ɗan agajin da ya sami horon taimakon gaggawa, duk za su iya, muddin suna da haƙuri da ladabi. A ganina haƙurin ya fi takardar shaida, domin na fi amincewa da wanda zai maimaita abu sau biyar fuskarsa a sake fiye da ƙwararren da zai riƙa daka wa sa'an kakansa tsawa kamar yana horar da ƴan kokowa.

Mataki na biyu: awo kafin a ɗaga ƙafa

Kowane mai shiga ya fara zuwa asibitin unguwa, wato CSI, a auna masa hawan jini, wanda a nan aka fi kira tansiyo, a kuma auna sukarin jininsa. Ya fi sauƙi a roƙi majo, wato shugaban asibitin, ya ware safiya ɗaya domin rukunin gaba ɗaya. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, idan ya maimaitu, hawan jini ne da ke buƙatar kulawa, amma ba ya hana motsi matsakaici, hasali ma motsin yana cikin abin da ke taimakawa wajen saukar da shi. Wanda nasa ya kai 180 bisa 110 kuwa ba zai shiga sahu ba sai an daidaita shi da magani. Haka nan wanda yake jin ciwon ƙirji idan ya yi tafiya, ko ƙafafunsa suna kumbura tare da haki, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko an yi masa aiki bai daɗe ba, sai likita ya ba shi izini ya kuma faɗi iyakarsa. A tambayi kowa ko ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce, da yadda ganinsa yake, domin yanar ido tana cikin abubuwan da suke kayar da tsofaffi, kuma motsa jiki ba ya maganinta.

Bayan haka akwai gwaji biyu da jagora zai yi da kansa, ba ya buƙatar komai sai kujera da agogon salula. Na farko, mutum ya zauna a kujera mai ƙwari wadda aka jingina da bango, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, a ƙidaya sau nawa zai miƙe tsaye sosai ya koma ya zauna cikin daƙiƙa 30. Na biyu, a ja layi a ƙasa mai nisan mita uku daga kujerar, ya tashi ya taka zuwa layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya dawo ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar wanda ya ci daƙiƙa 12 ko fiye a wannan gwaji a matsayin mai haɗarin faɗuwa, saboda haka irinsa a ajiye shi kusa da bango da kusa da jagora. A rubuta sakamakon kowa a littafi tare da kwanan wata, amma kada a karanta shi a bainar jama'a, domin dattijon da aka ji kunyarsa a ranar farko ba zai dawo a rana ta biyu ba.

Mataki na uku: wuri, lokaci da kaya

Ana buƙatar wuri mai inuwa, shimfiɗaɗɗe, mai bango aƙalla ta gefe ɗaya wanda za a iya dafawa, da bayan gida a kusa. Harabar makaranta kafin yara su shigo, ko rumfar da ake taron suna, ko tsakar gida mai faɗi, duk sun wadatar. Yashi mai zurfi yana gajiyar da idon sawu, siminti mai santsi kuma yana zamar da mutum idan ruwa ya zuba, don haka daɓen ƙasa mai tauri da aka share ya fi. A share shi kowace safiya saboda ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe. Nisan wurin kada ya wuce abin da mai sanda zai taka cikin minti goma, domin rukunin da sai an biya kuɗin kabu-kabu kafin a je shi ba ya rayuwa. Gara ƴan Bilbis su yi nasu, ƴan Garkawa su yi nasu, da a ce kowa ya tsallaka gari.

Lokaci kuma yanayin garinmu ne yake yanke shi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a fara da zarar gari ya waye bayan asuba, a gama kafin rana ta ɗaga, domin jikin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa kuma ba ya fitar da zafi kamar na yaro. A cikin hunturu a jinkirta zuwa hantsi, a tsawaita ɗumama jiki, kuma ranar da hazo ya rufe gari a koma cikin zaure ko a ɗage, saboda masu asma da tari. Da damina wasu za su tafi gona, kada a ɗauke su masu saɓa alkawari, noma ma motsi ne, sai dai ba ya koyar da daidaita tsayuwa. Kwana uku a mako da hutun kwana a tsakani shi ne ma'auni, kuma Litinin da Laraba da Asabar sun fi dacewa, tun da Juma'a tana da hidimarta, Lahadi kuma kasuwar Tawa take ci, ba za ka ga kowa ba.

Kayan aiki ba sa cin kuɗi. Kujeru masu ƙwari na ƙarfe ko benci, gorunan ruwa na rabin lita bibbiyu ga kowa, robar cikin taya da aka yanka tsawon hannu, tulun ruwan sha da kofuna, da ƴan ƙwayoyin sukari a cikin gwangwani. Gorar rabin lita idan ta cika da ruwa nauyinta rabin kilo ne, daga baya a cika ta da yashi ta ƙara nauyi. Ina gargaɗi game da farar kujerar roba ta gidan biki, domin ƙafafunta suna buɗewa idan mutum mai jiki ya faɗo mata da nauyinsa, kuma tana zamewa baya a daidai lokacin da aka dogara da ita. Silifa ma a bar ta a gefe, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. Mai ciwon sukari kada ya kuskura ya yi aikin ba takalmi, domin ciwon yana kashe jin tafin ƙafa, ƙaya za ta shige shi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da zai kai shi asibiti. Maza su naɗe babbar riga ko su zo da ƴar shara, mata su sa wando a ƙarƙashin zani su ɗaura shi sama da idon sawu don kada ya harɗe su.

Mataki na huɗu: yadda ake tafiyar da zaman kansa

A makonni biyun farko minti ashirin zuwa talatin sun isa, daga nan a riƙa ƙarawa har a kai minti arba'in da biyar ko sa'a guda. Ma'aunin ƙarfin aiki mai sauƙi ne: idan mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, yana kan daidai, idan kuwa ba ya iya haɗa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ya wuce gona da iri. Saboda haka hira a lokacin aiki ba laifi ba ce, ita ce ma na'urar awon jagora.

A fara da ɗumama jiki na minti goma, kowa a zaune a kujerarsa. A juya idon sawu, a ɗaga yatsun ƙafa a sauke, a juya kafaɗu gaba da baya, a waiga dama da hagu a hankali kamar mai sallame sallah, amma kada a wulwula kai a zagaye domin yana kawo jiri. Sai a yi tattaki a zaune, ana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, sannan a miƙe a ci gaba da shi a tsaye ana dafe da bayan kujera. Bayan wannan sai tafiya ta minti goma, ana zagaya fili bibbiyu, mai sauri ta gefen fili, mai sanda ta gefen bango. Mata sukan fi sakewa idan ana tafi ana amshi irin na daɓe ko na daka, kuma babu dalilin hana su.

Sashen ƙarfi shi ne zuciyar aikin, kuma tashi daga kujera shi ne babbansa. Mutum ya matso bakin kujera, ya buɗe ƙafafunsa daidai faɗin ƙugu, ya ja dunduniyarsa baya kaɗan ta yadda za ta kasance ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo da ƙirjinsa gaba har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafarsa, sannan ya taka ƙasa da ƙarfi ya miƙe. Komawa zaune ta fi tashin muhimmanci, domin a nan ne tsokar cinya take koyon riƙe nauyi, saboda haka a sauka a hankali ana ƙidaya ɗaya, biyu, uku, ba a faɗa wa kujera ba. Mai rauni ya dafa da hannu biyu, bayan makonni ya koma hannu ɗaya, daga baya ya saki. A fara da sau biyar, a kai takwas, a kai goma sha biyu, a huta minti ɗaya a sake. Dukan rukunin su riƙa ƙidaya da baki tare, kuma wannan ba don nishaɗi kaɗai ba ne, domin mai ƙidaya da murya ba zai iya riƙe numfashinsa ba, riƙe numfashi a lokacin yunƙuri kuwa yana harba hawan jini sama nan take.

Daga nan a fuskanci bango, a dafa shi da tafin hannu biyu daidai kafaɗa, a ja ƙafa baya taki ɗaya, a lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusanci bango sannan a tura a koma. Sai a riƙe bayan kujera a yi ɗage a kan yatsun ƙafa a sauko sannu, wanda yake ƙarfafa sha-raɓa, sai a ɗaga ƙafa gefe ba tare da karkata jiki ba, wanda yake ƙarfafa ƙugu. A ƙarshe a zauna a ɗauki goruna a lanƙwaso hannu zuwa kafaɗa, a kuma taka tsakiyar robar taya a jawo bakinta biyu zuwa ciki kamar mai jan guga. Kowanne sau takwas zuwa goma sha biyu. Idan mutum ya kai sha biyu ba tare da ya ji komai ba, lokacin ƙara nauyi ya yi, domin tsoka ba ta ƙaruwa da aikin da ta riga ta raina.

Sashen daidaita tsayuwa shi ne wanda mutane suke raina wa wayo saboda ba ya sa gumi, alhali shi ne yake tsare ƙashin ƙugu daga karaya. Shirin da aka tsara a Jami'ar Otago ta ƙasar Niw Zilan, wanda ya haɗa ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa sau uku a mako tare da tafiya, ya rage faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 35 cikin 100 a gwaje-gwajen da aka yi masa, kuma babu wata na'ura mai tsada a cikinsa. Ana bin abin daki-daki, kowa yana gefen bango ko kujera. Da farko a haɗa ƙafafu wuri ɗaya a tsaya daƙiƙa goma. Idan wannan ya zauna, a sa dunduniyar ƙafa ɗaya a gefen babban yatsan ɗayar. Bayansa a jera su a layi, dunduniya tana taɓa yatsu. Daga ƙarshe a tsaya da ƙafa ɗaya. Ba a wucewa mataki na gaba sai an iya na baya ba tare da dafawa ba, kuma ido ya kafe a kan wani abu da ba ya motsi, kamar ƙusa a jikin bango. A ƙara da tafiya gefe-gefe, da tsallake sanda da aka shimfiɗa a ƙasa, domin dokin ƙofa da igiyar akuya da butar alwala su ne suke kayar da mutane a gidajenmu.

Akwai abu guda da ya kamata mu ƙara wanda bai dami mutanen da suke rayuwa a kan kujera ba, wato sauka ƙasa da tashi daga ƙasa. Mu a tabarma muke ci, a ƙasa muke sallah, a ƙasa ake zaman makoki. Sau ɗaya a mako, ga waɗanda gwiwarsu ta yarda, a shimfiɗa tabarma kusa da kujera a koya musu tsarin: a mirgina gefe, a tokare da hannu a zauna, a koma rarrafe, a matsa kusa da kujera a dafa ta da hannu biyu, a kafa tafin ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, sannan a yunƙura a juya a zauna a kujerar. Wanda ya iya wannan, ko ya faɗi a ɗaki da dare babu kowa kusa, ba zai kwana a ƙasa yana jiran safiya ba. Jagora ya tsaya a gefe ya riƙe mutum ta ƙugu idan da buƙata, kada ya ja shi ta hannu, domin kafaɗar tsoho tana saurin gocewa.

A rufe da minti biyar na tafiya a hankali da miƙa jiki, ana riƙe kowace miƙa daƙiƙa ashirin zuwa talatin ba tare da fizga ba. Matan da suka daɗe da daina al'ada ƙashinsu yakan yi rauni, saboda haka a guji sa su su sunkuya da ƙarfi suna neman taɓa yatsun ƙafa ko su murɗa baya da sauri.

Abin da ke sa a tsaya nan take

Ciwon tsoka mai sauƙi kwana ɗaya ko biyu bayan aiki abu ne da aka saba, a faɗa musu tun da wuri don kada su ce motsin ne ya tayar musu da sanyin ƙashi. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ya ƙaru ya kwana ya wuni, alama ce ta a rage. Amma nauyi ko matsewa a ƙirji, da haki mai tsanani, da jiri, da gani dishi-dishi, suna nufin a zaunar da mutum a inuwa nan take a nemi mota. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko jiƙa wani abu, kada kuma a ɗura masa ruwa, a wuce da shi babban asibitin jiha kai tsaye, domin a wannan ciwo kowane minti yana da lissafi. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko allura kada ya zo da wofin ciki, kuma idan ya fara karkarwa da gumi mai sanyi da ruɗewa, alamar sukarinsa ya faɗi ƙasa da giram 0.70 a lita ke nan, a ba shi ƙwayar sukari uku a ruwa idan yana iya haɗiya, a jira minti goma sha biyar a gani. Lambar ɗa ko ƴar kowane mahalarci, da ta wani mai mota a unguwa, su kasance a shafin farko na littafi.

Mataki na biyar: zaman da ke biyo baya

Kada a sallami mutane da zarar an gama miƙa jiki. A ware rabin sa'a a zauna a sha ruwa, a ɗora shayi ko a kawo kunu, a bar hira ta yi tafiyarta. Sai dai a sassauta hannu wajen zuba sukari, tun da ba hikima ba ce a yi sa'a guda ana yaƙi da ciwo sannan a mayar da shi cikin kofi uku. A wannan zama ne ake jin wanda ɗansa bai kira ba wata biyu, da wadda mijinta ya rasu ta daina cin abinci sosai, da wanda ya daina shan maganin tansiyo saboda ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici a watan Nuwamban 2023 saboda ta ɗauke shi matsalar lafiya, kuma ko da yake mukan ce wannan ciwon Turawa ne, tsohuwar da take cikin gida mai mutum ashirin amma babu mai zama ya saurare ta ta san ba haka ba ne. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ƙafarsa ta daina kai shi suna da jana'iza da dubiya, sannu a hankali sai a daina lissafa shi.

Don haka a kafa ƙa'ida ɗaya mai ƙarfi: duk wanda aka rasa sau biyu a jere, mutum biyu daga cikin rukunin su je gidansa a ranar. Ba tuhuma za su kai ba, gaisuwa ce: “Hajiya, ba mu gan ki ba, muka ce ko jikin ne.” Sau da yawa za a tarar ba jikin ba ne, takalmi ne ya tsinke, ko an bar mata jikoki, ko wata magana ce aka faɗa ta ɓata mata rai. A raba hidima a tsakaninsu, wannan ya riƙe littafi, wancan ya kula da tulu, wata ta riƙa ja musu ƙidaya, domin dattijo ya fi son wurin da ake buƙatarsa fiye da wurin da ake yi masa alfarma. A kafa ƙaramin asusu, ko dala ashirin ce a mako, don sayen ganyen shayi da gawayi da ɗan abin da za a riƙa in an je dubiya, a kuma damƙa shi ga wanda su da kansu suka zaɓa. Ƴaƴan da suke waje sukan so su taimaka, kuma abin da ya fi amfani su saya shi ne na'urar awon hawan jini ta hannu da kujeru masu ƙwari.

Idan azumi ya zo a rage aikin zuwa miƙa jiki da daidaita tsayuwa na minti goma sha biyar bayan an sha ruwa an huta, ko a dakatar da motsin a bar ziyarar, amma a sanya ranar dawowa tun kafin a watse, domin rukunin da aka rufe ba rana yakan tafi ke nan. Bayan kowane wata uku a maimaita gwajin kujera da na mita uku, a kira kowa gefe a nuna masa lambarsa ta farko da ta yau. Wanda lambarsa ta gwajin kujera ta hau a ƙara masa yashi a gora, wanda tasa ta tsaya a duba ko yana zuwa a kai a kai, wanda tasa ta sauka kuma a raka shi wurin majo da littafin a hannu.